Kujera Kusa da Suruki a Wasan Dogo Mai Jita

Jimeta zuwa Garwa

Na bar gida a Jimeta gari bai waye ba, da 'yar jakata da buta, sai a masallacin tasha na yi asuba. Abin da ya tayar da ni waya ce daga Duwala. Abokina Alhaji Sanda ne ya kira, wanda muka yi samartaka tare a unguwar New Bell lokacin da nake rakiyar shanu zuwa kudu, shi kuma yana akawu a tashar jiragen ruwa. Ya ce Dogo Mai Jita ya yarda zai yi wasa a unguwa, in zo in gani da idona.

Ga wanda bai san shi ba, Dogo haifaffen New Bell ne, ɗan mahauta. Tun muna samari ya ɗauki jitar lantarki yana kiɗan nan mai ƙara da ake ce wa rok, yana waƙa da Faransanci da Buroka, wato gurɓataccen Turancin nan na bakin teku. Da ya manyanta sai ya rage ƙarar, ya koma waƙa da Hausa a hankali, har da kalangu. Nan masoyansa suka rabu biyu. A wasansa na ƙarshe a unguwar, tsofaffin masoya suka yi ta dukan benci da takalma suna kiran waƙoƙin da, har ya ajiye jita ya fita, ya ce shi da New Bell sai dai gaisuwar mutuwa. Alhaji Sanda ne ya yi shekaru yana binsa har ya sauko, bisa sharaɗi guda: in aka ƙara dukan benci yana cikin sabuwar waƙa, zai tashi, kuma ba zai sake dawowa ba. Sanda ya ɗauki alkawarin a gaban mai unguwa da liman. Ni kuwa na san mutanen da ya ɗaukar wa alkawarin, shi ya sa na ce lallai sai na je na ga yadda za a yi.

Bayan mun tsallaka iyaka muka tarar da shingen jandarmomi. Wani mai furfura a gemu ya karɓi takarduna ya tambaye ni da Faransanci ina za ni. Na gaya masa.

Ya ce, “Dogo? Ai Dogo ya rasu ranar da ya zare wayar jitarsa daga bango. Wannan da ke yawo yanzu kawunsa ne.”

Ya miƙo mini takarduna yana dariya. Direbanmu, wani matashin Bafulatani, ya ce da ni da Fulatanci, “Baba, duk wannan nisa don mawaƙi? Ni na ɗauka ɗaurin aure za ka.” Na ce masa wanda zan je wa ya fi ɗaurin aure wuyar sasantawa. Muka isa Garwa rana ta take, na kwana a gidan wani ɗan 'yar'uwata.

Ngaundare da jirgin ƙasa

Washegari babbar mota ta hau da mu tudu har Ngaundare, inda iska ta fi ta Garwa sanyi nesa ba kusa ba. Na sayi kilishi na tsaraba a bakin tashar jirgi, muka tashi da yamma.

A taragonmu akwai wata malamar makaranta, mutuniyar kudu, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Da safe, muna sayen ayaba ta taga a wata 'yar tasha, hira ta kawo mu kan Dogo. Ashe duk sababbin fayafayensa suna cikin wayarta.

Na ce, “Madam, to me kike ji a ciki, tunda ba ki san abin da yake faɗa ba?”

Ta ce, “Na da ɗin na san abin da yake faɗa, shi ya sa suka ishe ni. Mahaifina ya kunna su har sai da mahaifiyata ta riƙa ɓoye batir a cikin buhun gari. A da 'yan mata yake yi wa waƙa. Yanzu kuwa muryarsa ta wanda ya binne mutane ce.”

Na daɗe ina juya maganar nan. A Kartum na ga tsohon mawaƙi muryarsa ta tafi gaba ɗaya, amma mutane suna tasowa gabansa suna kaɗa yatsu sama, duk abin da ya rera sun karɓa. A Ankara ta ƙasar Gana kuma na ga an bar tsoho ya yi sababbinsa tun da wuri, kafin jama'a su gama taruwa. Ban taɓa ganin inda masoya suka kori mawaƙinsu da takalmi don tsananin so ba sai a New Bell.

Yawunde zuwa Duwala

A Yawunde ban tsaya ba, daga tashar jirgi na wuce tashar mota. Ruwa ya bi mu tun daga Ediya, inda muka ci gasasshen kifi da miyondo, wato rogon nan da ake naɗewa a ganye. Duwala ta tarbe mu da zafinta mai laima, wanda riga ke manne wa mutum tun bai yi taku goma ba. Na hau bensikin, acaɓarsu ke nan, yaron ya yi ta kutsawa da ni tsakanin motoci yana ce mini, “Pa, riƙe hularka.”

New Bell

Na sami Alhaji Sanda a majalisarsu ta bakin mai tsire, bayan masallaci. Ya rame, amma bakin na nan. Ya dube ni ya ce, “Mutumina, ashe kana raye. Da na kira na ɗauka jikanka zai ɗauka ya ce mini Allah ya yi.”

Na tarar ana tsakiyar gardama. A gefe guda akwai Isiyaku Batir, wanda ya samu sunan daga sayar da batirin rikoda a kasuwa, shi ne kuma madugun masu dukan benci. A ɗaya gefen akwai Malam Habu, ɗan kasuwar atamfa da ya zo daga Kano bai fi 'yan shekaru ba.

Isiyaku yana cewa, rabi Hausa rabi Faransanci, “Faifai uku na farko su ne Dogo. Sauran duk maganin barci ne. Ni da na gan shi yana kaɗa jita a bayan wuyansa, za a zo a zaunar da ni in kalli tsoho a kan kujera yana nishi?”

Malam Habu ya ce, “Haba Baba Isiyaku. Ni na da ɗin da aka kunna mini, na ɗauka injin markaɗe ne ya lalace. Sai da ya dawo harshen uwarsa ya zama mawaƙi.”

“Kai yaushe ka zo garin? Da aka yi Jirgin Bonaberi ko kaciya ba a yi maka ba.”

Jirgin Bonaberi ita ce tsohuwar waƙar da suka fi so, da wannan sunan suke kiranta a unguwa. Abin da na lura shi ne, waɗanda aka haifa a nan, suka yi karatun Faransanci suka yi aikin ofis, su ne ke son Dogon da. Baƙin da suka zo kasuwanci daga Arewa, su ne ke son na yanzu. Na tambayi Isiyaku wace ce ta fi ba shi haushi a sababbin. Ya ce duka. Na ce ya kira sunan ɗaya. Ya ce ba ya riƙe sunan abin da bai saurara ba.

Da muka tashi na ce wa Sanda, “Alhaji, wannan za ka hana dukan benci? Ko za ka karɓe takalma a bakin ƙofa?”

Ya ce, “Na yi tunanin haka. Za su daka da hannu.” Sai ya rage murya. Ashe ya bi mazajen 'ya'ya mata na masu dukan bencin nan ɗaya bayan ɗaya, har unguwannin Makepe da Bonaberi, ya ce wa kowanne ranar wasa ya ɗauko surukinsa a mota, ya rako shi, ya zauna a kujerar da ke gefensa, don girmamawa. Ya ce, “Ka taɓa ganin dattijon da ya cire takalmi ya yi ihu a gaban mijin 'yarsa? Ko ruwa Isiyaku ba ya iya sha a gaban nasa.”

Na ce ban taɓa gani ba, amma ban taɓa ganin an gwada ba.

Ranar wasa

An sa wasan bayan la'asar a zauren taron unguwa, don a tashi kafin magariba. Na zauna kusa da Sanda a layin gaba. Da na waiga sai na ga abin da ban taɓa gani ba a duk yawona: tsoho, matashi, tsoho, matashi, kowa ya sunkuyar da kai, kowa ya ɗan karkata ya ba na kusa da shi kafaɗa. Isiyaku Batir ya sha babbar riga, hannuwansa a kan gwiwa kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Mijin 'yarsa, ma'aikacin banki, yana ta kallon silin.

Dogo ya fito da farin kaftani da jitar katako, ya zauna a kujera. Ya tsufa ƙwarai, amma yatsun ba su tsufa ba. Ya fara da Layin Mahauta, sabuwar waƙa ce da yake kiran sunayen gidajen layinsu da waɗanda suka rasu a cikinsu. Ba wanda ya motsa. Ya gama, Malam Habu da mutanensa suka fara tafi daga baya, suka ga ba mai taya su, suka daina. Ya yi ta biyu, shiru. Ya yi ta uku, har ƙarar fanka ake ji.

Sanda ya raɗa mini, “Ka gani?” Amma ni fuskar Dogo nake kallo, kuma ba ta yi mini kama da ta wanda aka faranta wa rai ba.

Yana gama ta huɗu sai ya kwantar da jitar a cinyarsa ya dubi zauren. Ya ce, “Jama'a, wa ya rasu ba a gaya mini ba? Wancan karon kun kore ni, amma dai na san da mutane nake. Yau kun zo kun zuba mini ido kamar masu karɓar gaisuwa. In ba ku so, ku faɗa, in tafi in yi magariba a gida.” Ya miƙa hannu ya jawo jakar jitar.

Sanda ya dube ni. Ba a daki benci ba, ga shi kuma mutumin zai tafi. Isiyaku ya buɗe baki, ya saci kallon gefensa, ya rufe.

Mijin 'yar Isiyaku ne ya fara tashi. Ya ɗan rusuna ya ce, “Baba, bari in duba mota, kamar ban kulle ba.” Ya fita bai waiwaya ba. Na bayansa ma ya tuna da tasa motar. Kafin ka ce me, duk matasan sun tuna, har da waɗanda na gani da idona sun zo a bensikin. Na ƙarshensu ya jawo ƙofar.

Isiyaku ya miƙe, takalmi ɗaya a hannu, amma bai daka ba. Ya ce, “Dogo, ajiye jakar nan. Mun saurari naka huɗu, ba mu ce uffan ba. Yanzu Jirgin Bonaberi.”

Dogo ya ƙura masa ido. “Isiyaku, kai ne cikin babbar riga? To ɗaya taku, biyu nawa.”

“Ɗaya ɗaya.”

“Albarka.”

Aka yi ta ja kamar cinikin rago, mutane na sa baki, har aka daidaita a kan taku, tawa, tawa, taku, da sharaɗin duk wanda ya fita lokacin sabuwa ba zai dawo ba. Aka ɗauko masa jitar lantarki daga bayan labule, ashe ya zo da ita. Da ya taɓa ta sai da gilashin taga ya amsa. Dattawa suka naɗe manyan riguna a kafaɗa suka shiga fili, wani da sandarsa.

Sanda kuwa yana nan a kujerarsa kamar an dasa shi. Na ce, “Alhaji, tashi mana, ai kai ka kawo shi.” Ya nuna mini gefen dandamali da haɓa. Yusufa, mijin 'yarsa ta fari, shi ke kula da na'urar sauti, yana zaune yana fuskantar jama'a, ba shi da damar zuwa duba mota. Haka Sanda ya zauna har aka tashi, fuska a ɗaure, babban yatsan ƙafarsa kaɗai ke motsi a cikin takalmi.

Dogo ya kammala wasansa, muka tsaya sahu ɗaya da shi a sallar magariba. A ƙofar masallaci ya ce wa mai unguwa zai dawo bayan babbar salla in da rai. Na tambayi Isiyaku ko ya sauya ra'ayi. Ya ce ko kusa, faifai ukun farko su ne Dogo. Sai dai ya ce a Layin Mahauta an yi kuskure, gidan su Ladi mai koko ba shi ne na uku ba, na huɗu ne, kuma zai je ya gaya masa ya gyara.

Komawa gida

Sanda ya raka ni tashar mota da sassafe. Ya ce wasa na gaba daga Yawunde zai ɗauko mai sauti, ko nawa ne, wanda bai haɗa komai da shi ba. Na bi hanyar da na zo, Yawunde, Ngaundare, Garwa. A shingen iyaka ban tarar da jandarman nan mai furfura ba, na bar masa saƙo wurin abokan aikinsa cewa na ga mamacin, yana gaishe shi.

Na iso Jimeta lafiya da yamma, na tarar da iyali lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa Alhaji Sanda da iyalinsa da suka sauke ni, da Malam Habu da ya cika mini waya da sababbin waƙoƙi, da samarin nan da suka tsaya a rana a bakin zaure suna duba motoci har aka tashi.