Gonar Mai Tafiyar Kwana Uku

Damina biyu da aurenmu Faransawa suka ɗauki maigidana soja. Labarinsa na ƙarshe da ya iso Dogon Dutsi shi ne an kai su wani tsibiri, can tsakiyar ruwan gishiri. Ni da ban san ruwan da ya fi tabkin bayan gari ba, me zan gane?

Abin da na gane shi ne gonarsa za ta suɓuce mana. A wurinmu, wanda ya tafi kusa, kamar cin rani, ana riƙe masa gonarsa. Wanda ya yi nisan da ba a sa ran dawowarsa, dangi su karɓa. Ƙanen mahaifin maigidana kuwa, mutum mai idon cin naira tun ba a yi nairar ba, har ya fara zagaya iyaka yana taka ƙasa. Inna, surukata, ta daina cin tuwon kirki. Ni haushi kamar ya kashe ni, ga kunya ta ɗaure mini baki.

Ranar kasuwa na ja ta wurin wani tsohon soja mai sayar da goro, ko za ta ji sanyi. Ya ce ya san tsibirin. A jirgin ruwa sai wata ya mutu wani ya tsaya ba a iso ba, amma yanzu akwai jirgin sama, kwana uku ya sauke mutum a Yamai.

Inna ba ta ji zancen jirgi ba sam. Ita da kwana take auna ƙasa, yadda ta saba bisa jaki.

“Kwana uku?” ta ce. “Ashe bai ma kai Sakkwato ba.”

Tsohon ya buɗe baki zai gyara, sai wani mai ciniki ya ɗauke masa hankali. Allah Ya saka wa mai cinikin nan.

Da la’asar ta tsaya gaban dattawa, ta tambaye su yaushe aka fara raba gonar mai tafiyar kwana uku. Cikinsu ba wanda ya taɓa ganin tsibiri balle ya musa mata. Ƙanen mahaifin ya yi ta ƙunƙuni, a banza. Ruwa na sauka muka shuka hatsi, ni da ita, tana sara ina binnewa. Wallahi ban taɓa jin daɗin ciwon baya irin na shekarar nan ba.

Sai bayan girbi uku ya dawo, a rame, jirgin ruwa da mota sun gama jijjiga shi. Ko ruwa bai sha ba Inna ta hau shi da faɗa, wai yana nan kusa amma ko gaisuwar salla.

Ya dube ta, ya dubi rumbu cike da damman gonarsa. Na raɗa masa yadda aka yi. Ya durƙusa a gabanta.

“Gaskiyarki, Inna,” ya ce. “Kusa nike. Ki gafarce ni.”