Doña Zoila da Rundunar da Laima Ta Ɓata

Kullum da safe, kafin masu shagunan unguwar Lince ta birnin Lima su gama ɗaga ƙofofi, Doña Zoila Huamaní ta riga ta zauna bakin tagarta da kofin shayin sha'ir, tana lasar bakin buroshi don ya yi tsini. Sana'arta ƙera 'yan mutum-mutumin da ake wasan yaƙi da su a kan tebur: mayaƙa, dodanni, bokaye masu doguwar hula, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Ta murza su da hannu, ta shafa musu fenti, ido ne na ƙarshe. A watan nan za ta ajiye buroshi, don hannun ya fara rawa.

Wanda ya fi kowa sanin darajarta shi ne wanda ya fi kowa jin haushinta, wato Efraín Paucar, mai shagon da ke kallon nata. Shi ma gwani ne, kada a tauye masa haƙƙi. Amma duk shekara a gasar masu fenti ta Lima ita ce ta ɗaya, shi na biyu, har abokai suka laƙaba masa Na-Biyu. Abin da ya fi ƙona masa rai, matar nan ko kofin gasar ba ta ɗauka da daraja ba. A ciki take wanke buroshi.

Da ya ji za ta huta, maimakon murna sai hankalinsa ya tashi. In ta tafi bai kayar da ita ba, da sunan nan za a binne shi. Gasar bana kaɗai ta rage masa.

Ya duƙufa kan wata rundunar mayaƙan daji, koraye shar, har matarsa ta daina jiran sa cin abinci. Ranar gasa da safe, gari ya tashi da yayyafin nan na teku. Kowa a sana'ar ya san ba a fesa man kariya a kan fenti ranar laima, wato ranar da iska ke da danshi. Efraín ma ya sani, amma gaggawar ganin bayan Doña Zoila ta rufe masa ido. Yana fesawa rundunar ta yi fari fat, kamar an barbaɗa mata garin alkama.

Ta taga Doña Zoila ta hango shi zaune riƙe da kai. Ta tsallako titi.

"Ɗana, a Lima aka haife ka kuwa? Wa ke feshi a wannan laimar?"

"Dariya kika zo yi, Doña Zoila? Yi ki gama."

"Dariyar sai an jima. Matsa in gani."

Ta ɗaga ɗaya daga cikin mayaƙan ta juya shi a haske. "Ba su lalace ba, sanyi suke ji. Mai da su mayaƙan tsaunin ƙanƙara. Sa musu shuɗi a leɓe, ka zuba fari a ƙarƙashin ƙafafu."

"In na yi haka zan iya cinye ki fa."

"To me kake jira?"

Ya cinye ta kuwa, ita ta zo ta biyu. Alƙalai ba su yaba komai ba kamar farin nan, suna ta tambayar yadda ya yi.

Ke ce wannan, Doña Zoila, mai buɗe idon dodo da gashin buroshi guda. Ke ce wadda ta ga abokin hamayya a ƙasa, a gasarta ta ƙarshe, ta miƙa masa abin da zai doke ta da shi. Mun gode. Masu tasowa, ku koyi riƙon buroshinta, amma ku fara koyon tsallaka titi.

Efraín ya kai mata kofin, ta ƙi karɓa. "Hannunka ya yi aikin. Nawa ma sun cika mini ɗaki."

Wannan maganar ta fi komai cizonsa. Abokai sun daina ce masa Na-Biyu, amma kishin bai tafi ba, sai ma ya ƙaru, don yanzu ba gwanintarta kaɗai yake kishi ba, har da halinta. Kofin yana nan a shagonsa. Ku leƙa ku gani, a ciki yake wanke buroshi.