Abin da Suke Kira Data

Sana'ata wanki da guga a unguwar Wulari, nan Borno, kuma mutane sun shaide ni da haƙuri. Mutum zai kawo babbar riga da hantsi ya ce yana son ta kafin sallar Juma'a, ba na ce masa komai. Amma akwai abu ɗaya da har yau ban haƙura da shi ba.

A wayata akwai muryar mahaifiyata. Shekarar da ta rasu, da ciwo ya kwantar da ita a ɗakin yayata a unguwar Dala, nan cikin garinmu, nakan je bayan la'asar in ajiye wayar kusa da matashinta in danna ɗaukar murya. Da Kanuri take magana. Ta lissafo kakanninmu, wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Ta faɗi iyakar gonar babanmu a ƙauyen da muka baro, daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya. Sau goma sha tara na ɗauke ta. Saboda waɗannan muryoyi na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, don in rubuta su da hannuna 'ya'yana su samu. Lokacin da abin ya faru ina karanta Hausa a hankali, Turanci kuwa kalma-kalma nake tsinta. Ban fara rubutun ba. Ina jira hannuna ya faɗa.

Sai wayar ta fara ba ni wahala. Kullum tana cewa ta cika. In na danna abu sai in gama goge riga guda kafin ya buɗe. Kuma ba kayana ne suka cika ta ba. Wasu manhajoji ne da ta zo da su daga kamfani, wasanni da tallace-tallace, ban taɓa buɗe su ba, kuma ba su goguwa. Waya tawa ce, amma ba ni da ikon fitar da shara daga cikinta.

Maƙwabcina wani tsohon akawu ne daga kudancin Borno, yanzu yana riƙe da takardun cocinsu. Muna shiri sosai, ni nake goge masa kwat ɗin Lahadi. Yana da kwamfuta, ya kuma koyi wani abu a bidiyo da ya ce sunansa rutin. Ya yi mini bayani: waya tana zuwa ne a kulle, sai a buɗe kwaɗon, ka zama kai ne maigida a ciki, sannan a cire manhajar kamfani da ke tafiyar da ita gaba ɗaya a zuba wata mara nauyi. Sau ɗaya ya taɓa yi, a tasa wayar.

Ranar Asabar da safe na shanya kaya na shiga wajensa. Ya jona wayata da kwamfutar da igiyar caji, ya gyara tabarau.

"Malam, kafin mu fara," ya ce, idonsa na kan kwamfuta, "ba ka da wata data mai muhimmanci a ciki?"

"Wace data, Akawu? Ɗan abin da ya rage ko kwana biyu ba zai kai ni ba."

Ya yi dariya. "Kai da rowa. To madalla, aiki ya zo da sauƙi."

Iyakar maganar ke nan. Ni data ɗaya na sani, wadda ake saya a kiyos, a zuba a waya, ta ƙare a sake saye. Haka kowa yake faɗa a garin nan, daga mai shayi har malamar ajinmu. Shi kuma bai tsaya ya auna amsata ba, ya ɗauka raha nake yi.

Ya buga wasu rubuce-rubuce. Wayar ta mutu ta tashi, fuskarta baƙa, da ƙananan rubutu farare. Daidai nan matarsa ta kira shi daga tsakar gida, wai mai ruwa ya zo.

"Ɗalibi, ga jarrabawa," ya ce yana miƙewa. "Karanta, in ka gane ka zaɓi na sama, ka danna maɓallin kunnawa."

Na riƙe wayar da hannu biyu, na bi rubutun da yatsa yadda aka koya mana. Kalma uku na gane. Ɗaya tana nufin gogewa, malama ta sha faɗinta a kan allo. Ɗaya tana nufin duka. Ta ukun data. Za a goge duka data. Wallahi daɗi na ji. Karon farko ke nan da na karanta Turanci a wajen aji ba wanda ya taimaka mini. Na ce a raina, a goge mana, gobe in sayi wata. Na danna da babban yatsana.

Sauran aikin ya ci har azahar. Sau biyu wayar ta maƙale a kan hoton farko da take nunawa in an kunna ta, Akawu yana gumi yana komawa bidiyon. A na uku ta tashi. Sabuwa fil. Babu wasanni, babu talla, kana taɓa abu yana buɗewa. Muka tafa. Na nemi wurin ɗaukar murya don in nuna masa yadda Iya, mahaifiyata, take kiran sunan kakanmu na biyar.

Babu komai a wurin.

Na fita na sake shiga. Na kashe na kunna. Na ce, "Akawu, ina muryoyin?"

"Waɗanne muryoyi?"

Da na gaya masa sai ya cire tabarau. "Yesu. Malam, ai na tambaye ka!"

"Data ka tambaye ni!"

"To ai su ne data. Hoto, murya, lambobi, duk data ne."

"Muryar uwata ce data? Tun yaushe? A bakin wa ka taɓa jin haka a unguwar nan?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Matarsa ta leƙo ta koma. Na zare igiyar na fita, na bar kayan mutane a kan shanya har suka ƙandare.

Na kai wayar wajen masu gyara uku. Na ƙarshen ne ya yi mini gaskiya. Ya ce buɗe kwaɗon shi ke share komai, haka aka ƙera ta, kuma sabuwar manhajar ta zauna a kan wurin. Ya ƙara da cewa, "Baba, ai an rubuta gargaɗi." Na ce na sani, na karanta. Wannan ne ya fi ci mini rai. Da ban iya karatun ba, da na jira Akawu ya dawo, da wataƙila ya karanta da ƙarfi ya sake tambayata. Ɗan guntun karatuna ne ya danna. Kuma wanda ya zauna a ƙasarsu ya rubuta wannan gargaɗi, me zai rage shi da ya ce hotuna da muryoyi? Kalma ɗaya ya zaɓa, kalmar da mu a nan muke sayen abinta a kiyos.

Sati biyu ban je aji ba. Akawu ya aiko da kwat ɗinsa, na goge na mayar, ban haɗa da gaisuwa ba.

Daga baya na ɗauki littafin rubutuna na tafi Dala. Yayata tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Na gaya mata komai. Ta ajiye rariyar.

"Kai da wayonka," ta ce.

"Yaya, ki faɗa mini abin da kika riƙe. Yanzu zan rubuta."

Ta fara. Babanmu, babansa, baban wannan. Ina rubutawa, baƙaƙen suna karkacewa. A na huɗu ta tsaya, ta rufe ido, ta ce tana jin sunan a bakinta amma ya ƙi fitowa. Iyakar gona kuwa ta ce ita tana can wajen murhu lokacin da Iya take faɗa.

Na zauna da biro a hannu ina jiranta har aka kira magariba. Sunan bai fito ba. Na ja layi a wurin na bar shi fili.