Lissafin taki da ke ɓacewa

A hutun da na yi a gida Wurno kafin zangon ƙarshe, aikin da malaminmu ya ɗora mini shi ne wata ƙaramar manhaja: manomi ya shigar da girman gonarsa ta albasa, ta gaya masa takin da zai zuba. In na koma ba ta aiki, sai na maimaita kwas ɗin.

Wani ɗan ajinmu ya ba ni manhajar zana fuskar shiri, wato abin da mai amfani da shi zai gani a allon kwamfuta. Kana jan maɓalli da linzamin kwamfuta, ka ajiye shi inda kake so, ita kuma ta rubuta umarnin da kanta. Tun farko ban yarda da ita ba, don na saba rubuta kowane layi da hannuna. Na buɗe fayil ɗin da ta rubuta, na bi shi layi-layi, ban kama ta da komai ba. Sai na cusa lissafin takina a ciki.

Ba wuta a unguwarmu, don haka nakan bar kwamfutata a shagon cajin ɗan kawuna, bakin kasuwa. Wata rana na karɓo ta, na ɗan gyara zaman maɓallin, na latsa. Shiru. Lissafin ya ɓace. Na sake rubutawa, washegari ma haka.

Da ƙyar na iya tambayar ɗan kawun nawa. "Wa ke buɗe ta in na tahi?"

"Mi zan yi da ita, Injiniya? Ko fim guda babu ciki."

"Ka duba ke nan."

"Leƙawa dai na yi. Rubutu zalla, awa allon makaranta."

Na sa mata kalmar sirri. Lissafin ya sake ɓacewa. Daga nan na koma zaman gadi a bencinsa har ta cika, yana gaya wa masu kawo waya wai kwamfutata na jinya. A kan bencin na duba fayil, lissafi na nan. Na matsar da maɓallin kaɗan, na adana, na sake dubawa. Babu shi. Ashe duk lokacin da aka taɓa zanen, sai manhajar zanen ta share fayil ɗin gaba ɗaya ta rubuta sabo, ba gargaɗi.

Na kwashe lissafin zuwa wani fayil dabam, inda hannunta ba ya kaiwa. Ranar gwaji malam ya latsa, amsa ta fito. Ya tambaye ni dalilin fayil biyu. Na ce ɗaya nawa ne, ɗayan kuma na manhajar zanen ne, ban san ranar da za ta sake rubuta shi ba.