Gonar Baffa a Taswira

Da mahaifinmu ya rasu, ƙanensa ya riƙe gonar kwari da ke kusa da Barmou, ya bar wa innata fako, inda ko akuya ba ta tsayawa. Shekaru muna cin wuya, shi yana cika rumbu. Ban yafe ba, kuma ban taɓa cewa na yafe ba.

Na girma na sami aiki a wani biro, wato ofis, a Tawa, ina zana taswirar gonakin da canjin yanayi ke kashewa. Gonar da na shafa wa ja za a kai mata agajin ma'aikata, su jera duwatsu, su haƙa tassa, ramukan nan masu riƙe ruwa. Koriya kuwa ba ta samun komai.

Da masu awon gonaki na bironmu suka je ƙauyenmu, baffa ya yi abin da dattijon ƙasarmu ta Adar ke yi: ba ya faɗin yunwa gaban baƙo. Ya gyara rawani ya ce gonarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Suka rubuta. Alhali ruwan da ke zuwa yanzu a haukace ya cinye rabinta, ya binne sauran da rairayi. Hoton tauraron ɗan Adam ya nuna mini haka ƙarara. Na duba takardarsu, na duba hoton, na shafa kore.

Da labari ya kai masa, sai ga shi a biro, ya sauko daga kabu-kabu yana haki.

"Ɗana, wanga launi kai ka sa shi. Maishe min shi ja."

"Baffa, abin da kac ce anka rubuta. Ni wa ne in ƙaryata babba?"

Wallahi daɗi na ji har cikin ƙashi.

Fakon inna ya sha tassa, ya yi gero. Kwarin baffa ko iri bai mayar ba. Inna ta ce a kai wa baffa damman gero bayan magariba, kada a gani. Na ce to. Na jira ranar kasuwa, na loda amalanke da hantsi, na bi ta tsakiyar jama'a har ƙofar gidansa, na yi sallama da ƙarfi.

Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, yaran gidan na bayansa suna kallon geron. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi mini godiya gaban kowa.