Layin Ƙarshe a Allon Baba Injiniya

Ranar Talata, tara ga watan Mayu, ina tsaka da darasi shugaban makaranta ya leƙo ta taga ya yafito ni. A baranda ya gaya mini Allah Ya yi wa Baba Injiniya rasuwa da hantsin ranar, bayan jinyar kwana huɗu. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A lokacin saura kwana goma sha ɗaya masu duba makarantu su zo ganin ɗakin gwajin kimiyya da yake jagorantar gininsa.

Baba, ba ka da ɗa ko jika a makarantarmu. Maƙwabci ne kai, ka yi ritaya kana hutawa. Da iyayen yara suka gaya maka ɗalibai arba'in da biyu ba za su zauna jarrabawar kimiyya bana ba in ɗakin bai samu amincewa ba, washegari ka zo da igiyar awo a aljihu.

Abu na farko da ka nema ba siminti ba ne, tsohon allo ne. Ka jingina shi a ƙofar ginin, kana rubuta kowane aiki a layinsa: me za a yi, wa zai yi, wa zai karɓa. Wanda ya yi aikin ba shi da ikon goge layin, sai wanda ya karɓa. Kuma duk wanda ka ba umarni sai ya maimaita maka da bakinsa. Magini ya taɓa cewa shekararsa talatin yana gini, ba a taɓa sa shi hadda ba sai a hannunka. Ka yi dariya, ka ce to ya biya haddar.

Ni ma ban tsira ba. Da kafinta ya tambaye ni tsayin teburan gwaji, ina sauri na ce ya yi su daidai ƙugu. Kafintan nan dogo ne na gaske. Tebur shida ya haɗa, kowanne ya kai wa ɗalibaina ƙirji. Ya rantse abin da na ce ya yi, ni kuma na tsaya a kan ba haka nake nufi ba. Ka saurare mu har muka gaji, sannan ka ce:

"Malama, ƙugun wa?"

Ka miƙo mini igiyar awo, na auna, na faɗi lamba, kafinta ya maimaita. A ranar ya rage ƙafafun. Ba ka sake tayar da zancen ba, ko da wasa. Tun daga lokacin nake sa ɗalibaina su maimaita mini matakan gwaji kafin su taɓa ko da kwalba.

Bayan kwana uku da rasuwarka muka taru a ƙofar ginin. Na zaci aikin ya tsaya ke nan. Sai mai aikin famfo ya karanta allon, ya ce layinsa ne na gaba, kuma ya san mai karɓa. Mai wayar wuta ya bi bayansa. Babu wanda ya tambayi abin da za a yi, domin babu abin da ka riƙe a kanka kai kaɗai. Masu dubawa sun zo ranar da suka ce, sun murɗa kowane famfo, sun sa hannu. Yaran za su zauna jarrabawarsu.

Layi ɗaya ya rage da rubutunka: miƙa makulli, mai yi Injiniya, mai karɓa Malama. Jiya babban ɗanka ya kawo mini shi. Ya ce a asibiti ka ba shi saƙon a hannuna zai sa, kada ya ba wa kowa ya kawo, kuma sai da ka sa ya maimaita. Na karɓa. Ni ce mai ikon goge layin, amma ban goge ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajiya, da 'ya'yanka da jikokinka, da ma'aikatan da suka yi wata biyar tare da kai. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa kowane darasi da za a yi a ɗakin nan ya zama lada mai gudana gare ka. Amin.