Ranar da Yaya Ya Yi Ihu a Tsohuwar Silima

Gidan silimar unguwarmu, can bayan tashar Kawo, ba shi da rufi lokacin da muke samari. Katanga ce kawai, da farin bango, da bencina. Kuma mu ba ma kallo da baki a rufe. In mugu ya lallaɓo ta bayan jarumi, miƙewa muke mu gaya wa jarumin. A wannan aiki babu wanda ya kai yayana. Har bakin titi ake jin muryarsa.

Da bidiyo ya shiga gidaje, silima ta mutu. Wani ɗan kasuwa ya daɗe yana ajiye buhunan taki a ciki. Sai ga wasu matasa sun karɓi wurin, suka rufa kwano, suka kafa dandamali a gaban farin bangon, suka fara wasan kwaikwayo bayan la'asar. Cikinsu har da 'yar yayan nan nawa, malamar firamare a Badarawa.

Yaya kuwa ya yi ritaya, ya tara gemu, ya manta da komai. Ya ce 'yarsa ba za ta ƙara taka gidan silima ba, ya san irin mutanen da ke zuwa can. Na ce, "Ka sani mana, Yaya, ai mu ne." Bai yi dariya ba.

Yarinyar ta zo wurina idonta jawur. "Baffa, in ya hana ni, na bari ke nan." Raina ya ɓaci, don na ga yadda take son abin. Na matsa wa Yaya ya zo ya gani sau ɗaya. In bai gamsu ba, ni da kaina zan mayar da ita gida.

Ranar wasan, Yaya ya zauna gefena a layin gaba, fuska a murtuke. Kafin a fara, wani saurayi ya roƙi jama'a su yi shiru, wai masu wasa suna jin komai. Yarinyar ta fito a mai sayar da abinci a tasha. Tana juya tukunya, sai ɓarawo ya lallaɓo ta bayanta da sanda. Na ji kujerar gefena ta motsa.

"Ke! Bayanki! Ga shi nan bayanki!"

Yaya ne a tsaye, hula a karkace. Tsawon samartaka yana yi wa bangon nan ihu, ba a taɓa amsa masa ba. Ita kuwa ba ta saba ubanta ya kira ta yi shiru ba. Ta saki ludayi ta rusuna ta ce, "Na'am, Baba." Ɓarawo ya tsaya da sanda a sama bai san abin yi ba. Ɗakin ya ɓarke da dariya, ni har da hawaye.

A hanyar gida, da muka shiga Hayin Banki, Yaya ya juyo ya dube ni.

"Gobe ma suna yi?"

Na ce suna yi.

"To, ka gaya mata, gobe in na kira ta kada ta amsa."